Riga Daidai da Mai Ita: Tarihin Awo da Ado a Tufafin Hausawa

Idan Bahaushe ya ga mutum ya sa tufa ta karɓe shi, ya kan ce, "Rigar nan ta zauna masa." Maganar tsadarta da garin da aka saƙa ta sai daga baya su ke zuwa. Abin da ido ya ke fara gani shi ne yadda tufar ta dace da jikin mai ita, da yadda shi kuma ya sake a cikinta, yana tafiya, yana zama, yana tashi, ba tare da yana fama da ita ba. Wannan takarda za ta bi tarihin wannan dacewa, ta nuna cewa mutanen dā suna da irin nasu awo wanda ya bambanta da na telan zamani, kuma a kan awon nan ne adon ko wane mutum ya ke tsayawa.

Tufafi kafin jihadi

Saƙa da rini tsofaffin sana'o'i ne a ƙasar Hausa. Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda ya tashi a Fas, Turawa kuwa su ke kiransa Leo Africanus, ya rubuta a littafinsa da aka buga a 1550 cewa Gobir tana da masaƙa da yawa da masu ɗinkin takalma, har a kan kai takalmansu Tambutu da Gawo. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya ce Sarki Kanajeji, wanda a ke lissafa zamaninsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi tufa ce da a ke cusa wa auduga a ɗinke, domin ta tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa, kuma in ta yi nauyi ƙwarai ko ta matse, sai ta zama wa barde sarƙa a ranar yaƙi. Ashe ke nan tun wancan zamani maɗinka sun san cewa tufa tana da aikin da za ta yi, kuma aikin ne ya ke yanke mata girma. Bayan wannan, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya kuma shigo da kayan alfarma irin su figini da takalman gashin jimina, watau a zamaninsa ne labarin ado na fada ya fito fili a rubuce.

Yadda a ke awo

Masaƙin Hausa namiji ba ya saƙa mayafi mai faɗi. Abin da ya ke fitarwa daga masaƙarsa siririn ƙyalle ne mai tsawon gaske, wanda faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, wani ma bai kai yatsa biyu ba, kamar turkuɗin Kura da a ke yi wa Buzaye. Ko wane layi ɗaya na wannan ƙyalle shi a ke kira ƙwarya. Maɗinki ya kan yanka ƙwaryoyin daidai da juna, ya jera su, ya harhaɗa da allura har su zama riga. Saboda haka girman riga da yawan ƙwaryarta a ke faɗinsa, kuma gwargwadon sirantar ƙwarya da yawanta, gwargwadon wahalar ɗinki da tsadar rigar.

Ma'aunin kuwa a jikin ɗan Adam ya ke. Akwai taƙi, watau daga babban yatsa zuwa ɗan yatsan tsakiya in an buɗe hannu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Akwai gaba, watau tsawon hannu biyu in an miƙe su. Da waɗannan a ke ciniki a kasuwa, da su a ke yanka. Babbar riga faɗinta ya kan kai gaba guda ko ya ɗara, tsawonta kuma daga kafaɗa zuwa ƙwauri. A kan buɗe mata wuya a tsakiya, a ɗora babban aljihu a ƙirji wajen hagu, a bar gefunanta a buɗe sai can ƙasa a kama, sa'an nan a yi mata shafi a ciki wajen gindi, domin ta yi nauyi ta sauka sosai.

Abin da ya sa aka yi ta haka

Wanda bai san ƙasar ba zai ce wannan yalwa ɓarnar zare ce kawai. Amma ko wane yanki na rigar yana da dalilinsa. Na farko zafi ne. A watannin bazara, sa'ad da rana ta ke ƙuna daga hantsi har la'asar, tufar da ta manne wa jiki azaba ce, ita kuwa babbar riga iska tana shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan. In hunturu ya zo, sai mutum ya saki hannuwan rigar su rufe shi, ta zama masa mayafi.

Na biyu shi ne irin zaman mutane. Bahaushe a tabarma ko buzu ya ke zama, ya tanƙwashe ƙafa. Ya kan durƙusa ya gai da na gaba da shi, ya kan yi ruku'u da sujada sau da yawa a yini. Wandon da zai jure wannan sai mai yalwar hantsa. Shi ya sa buje ya ke da faɗin ƙugu ƙwarai, a zura masa zariya a mazagi a tattare shi daidai cikin mai shi, ko siriri ne ko mai jiki, sa'an nan a tsuke shi a idon sawu da kamun ƙafa don kada ya ja ƙasa ko ya sarƙe a likkafa.

Na uku doki ne. Gare riga ce miƙaƙƙiya, ta malamai da dattawa, amma girke an ƙara mata ƙyallaye a ƙasa ta buɗe, yadda in mai ita ya hau sirdi za ta baje a kan doki ba ta takure masa cinya ba. Wanda ya ga hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga abin da maɗinkan dā su ke nufi: rigar da a ƙasa ta ke kamar ta yi wa mutum yawa, a bisa doki sai ta zama daidai.

Zamanin Daular Sakkwato

Bayan jihadin da aka fara a 1804, tufafi suka sami sabon matsayi. Shugabannin jama'a sun nace a kan sutura, sun kuma tsawata a kan alfahari. Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya zargi waɗansu daga cikin mabiya da cewa sun mai da himmarsu ga tara tufafi masu kyau da dawakin yawo cikin gari. Sa'ad da Baturen Birtaniya Clapperton ya ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya tarad da shi cikin rigar auduga mai shuɗi-shuɗi da farin rawani, ya yi amawali. Mai mulkin daula ke nan, amma abin da baƙo ya riƙe game da shi kwarjini ne da sauƙin shiga.

Duk da haka sana'ar tufafi ta bunƙasa a ƙarni na 19 fiye da ko wane lokaci. Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ta ke sayarwa waje sun kai aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, kuma abin da a ke kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300. Rigunan Nufe sun yi suna wajen ɗinki, saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar zabo ya zama abin nema, a na kaɗa tsamiya daga gidan tsutsa, alharini ja kuwa ta Tarabulus ya ke ketaro Sahara. Almajirai da malamai su ne mafi yawan masu zayyana da ɗinkin aska biyu da aska takwas a kan aljihu, aikin da ya kan ci watanni.

A nan akwai wani abin lura. Riga irin wannan ba safai a ke ɗinka ta da sunan mutum ɗaya ba. A kan kai ta Sakkwato gaisuwa, sarki ya ba da ita kyauta ga hakimi ko malami ko maroƙi, a kan gaje ta, fatake kuma su kan ɗauke ta zuwa Gwanja ko Barno su sayar wa wanda maɗinkin bai taɓa gani ba. To, ina dacewa ta ke fitowa? Tana fitowa daga hannun mai sawa. Shi ne zai san yadda zai naɗe hannuwan rigar ya ɗora a kafaɗa don aikin aljihu ya fito, shi zai san taguwar da zai sa a ciki, da yadda zai karya hula, da yawan zagayen rawani da fuskarsa za ta ɗauka. Mutum biyu su kan sa riga iri ɗaya, ɗaya ta zauna masa, ɗaya kuwa a ce rigar ce ta sa shi. Abu guda da ba ya gyaruwa da naɗi shi ne tsawo. Malamai sun hana namiji jan tufa a ƙasa don girman kai, mutanen gari kuma suna yi wa ɗangalalliyar riga dariya, har su ka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Haka al'amarin ya ke ga mata, har ma ya fi. Zane ba shi da awo sam, mai ita ce ta ke auna shi a jikinta ko wace safiya. Ɗaurin ƙirji na aikin gida dabam, ɗaurin unguwa dabam, in ga goyo kuma a ƙara majanyi. Kallabi ɗaya ne a hannun mata goma, amma ɗauri goma za a gani, har a kan gane mace daga nesa da irin ɗaurinta.

Zuwan keke da tela

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911. Daga nan akoko da alawayyo da sauran yadudduka na Ingila suka cika kasuwa, masu faɗi, masu araha, ba su bukatar a harhaɗa ƙwarya. Keken ɗinki ya biyo baya. Sai lissafin riga ya tashi daga ƙwarya ya koma yadi, aka kuma sami sabon mai sana'a wanda har sunansa baƙo ne, watau tela, mai zaren awo rataye a wuya, wanda ya ke auna kafaɗa da ƙirji da hannu ya rubuta a takarda.

Sababbin ayyuka kuma suka nemi sababbin tufafi. Akawu a kan kujera da tebur, da malamin makaranta a gaban allo, da mai hawan basukur, duk hannun babbar riga yana hana su sakewa. Saboda haka kaftani da jamfa da 'yar shara suka zama kayan aiki, wando ya rage hantsa, babbar riga ta koma ta Jumma'a da salla da biki da fada. Ƙa'idar dā ba ta canja ba, watau aiki ne ya ke yanke wa tufa girma. Abin da ya canja shi ne rabon alhaki: a dā mai sawa ne ya ke daidaita riga da jikinsa, daga nan kuwa rabin aikin ya koma hannun tela, in ya ɓata kafaɗa ba naɗin da zai gyara.

Ado a zamanin siyasa

A shekarun neman mulkin kai, shiga ta zama magana. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, an san shi da manyan riguna da rawani, kuma da ya ke mutum ne dogo mai cika ido, sun zauna masa ƙwarai. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Amurka a 1961 cikin rigarsa ta gida. Malam Aminu Kano kuwa ya zaɓi fararen kaya marasa nauyin aiki da jar hula, shigar da ta yi daidai da ƙaramin jikinsa, ta kuma yi daidai da maganarsa ta talakawa. Har hula a kan kira da sunan wanda ta karɓa, kamar zanna bukar, wadda a ke danganta ta da Zanna Bukar Dipcharima na Barno. Ko wanensu ya sa abin da ya sake a ciki, shi ya sa mutane ba su iya tuna fuskarsa ba tare da tufarsa ba.

A 1957 aka buɗe babbar masaƙar Kaduna, waɗansu suka biyo ta a Kaduna da Kano, har yadin gida ya wadata na ɗan zamani. Masaƙar nan ta rufe a 2002, mafi yawan shadda da atamfar da a ke sayarwa a Kantin Kwari kuwa daga waje su ke zuwa. Masaƙan hannu sun ragu ƙwarai, karofin Ƙofar Mata yana nan yana aiki amma ba kamar dā ba, ɗinkin aljihu mai yawa kuma na'ura ce ta ke yinsa. Abin da ya fi zama abin tsoro shi ne sunayen sassan riga da dalilansu suna ɓacewa tare da tsofaffin maɗinka, har a kan sami telan da zai yi girke bai san don doki aka buɗe ta ba. Rigunan ƙarni na 19 da yawa suna ajiye a gidajen tarihi na Ingila da Jamus, waɗansu kuma suna cikin adakar gidajen sarauta. Wajibi ne a auna su, a ƙidaya ƙwaryarsu, a zauna da dattawan maɗinka na Kano da Zariya da Bida a rubuta abin da su ka sani tun suna da rai.