Injin kwale-kwale: Abubuwan lura kafin a zaɓi kamfani

Da zarar damina ta kankama, koguna da fadamun da ke kwarin Hadeja da Jama'are kan cika su raba ƙauyuka da kasuwanninsu, har kwale-kwale ya zame wa jama'a abin hawa na dole. Wannan ne ya sa wasu 'yan kasuwa da ma'aikata ke zuba jari a harkar fito da kamun kifi, ta hanyar sayen jirgi da injin da ake rataya masa a baya. Tambayar da akasari ake farawa da ita ita ce wane kamfani ne ya fi. Amma ga mai jirgi a yankin Birnin Kudu da Gwaram, ko a Nguru da Yawuri, tambayar da ta fi amfani ita ce: wane inji ne za a samu mai gyaransa da kayansa a kusa, ranar da ya tsaya?

Kamfanonin da ke kasuwa

Kamfanonin Japan ne suka fi rinjaye a wannan fanni. Tohatsu ya fara ƙera irin wannan inji a 1956, Yamaha ya biyo baya a 1960, Honda a 1964, sai Suzuki a 1965. Daga Amurka akwai Mercury, wanda aka kafa a 1939. Shi kuwa Evinrude, duk da daɗewarsa da sunan da ya yi, an daina ƙera shi a 2020, saboda haka duk wanda aka yi wa tayin tsohonsa ya san cewa samun kayan gyaransa sai ƙara wuya yake yi.

A ruwayen Najeriya, Yamaha ne ya fi yaɗuwa, musamman samfurin Enduro da aka tsara domin aikin wahala na yau da kullum. Yaɗuwar tasa ita ce babban jarinsa, domin makanikai sun san cikinsa, kayansa kuma ba su da wahalar samu. Kamfanonin ƙasar Sin irin su Parsun da Hidea sun shigo da injuna masu rahusa, da yawansu an bi fasalin na Yamaha wajen ƙera su. Sauƙin kuɗinsu gaskiya ne, sai dai idan aka tashi sayarwa, darajarsu ba ta kai ta na Japan ba.

Mai bugu biyu ko mai bugu huɗu

Injunan sun kasu gida biyu. Mai bugu biyu shi ne wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kamar babur ɗin Vespa na da. Ba shi da nauyi, sassansa kaɗan ne, gyaransa kuma da sauƙi. Aibinsa shan mai da hayaƙi da ƙara. Mai bugu huɗu kuwa yana da ma'ajin baƙin mai dabam, kamar mota. Ya fi tattalin fetur, bai cika ƙara ba, amma ya fi tsada da nauyi, kuma ba kowane makanike ne ke iya taɓa shi ba. Honda irin wannan kaɗai yake ƙerawa.

Nauyin ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai riƙa cire inji yana kai shi gida kowace yamma don gudun ɓarayi. Mai ƙarfin doki 15 na bugu biyu bai kai kilo 40 ba, takwaransa na bugu huɗu kuwa yakan doshi kilo 50.

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin shan mai ya ƙara muhimmanci. Enduro mai ƙarfin doki 15 kan sha kimanin lita 7 a awa idan aka ƙure masa wuta, mai doki 40 kuma kusan lita 20. Wanda jirginsa ke aiki kullum na tsawon awanni zai iya mayar da ƙarin kuɗin da ya kashe kan mai bugu huɗu daga rarar fetur. Wanda kuwa aikinsa na watanni uku ko huɗu na damina ne kawai, da wuya lissafin ya fitar da shi.

Dacewa da jirgi da kuma ruwa

Ƙarfin inji dole ne ya yi daidai da girman jirgi da ƙwarin katakonsa. Ƙaramin kwale-kwalen su yakan wadatu da doki 8 zuwa 15, manyan jiragen fito kuma su ke buƙatar 40 ko fiye. Babban inji a kan ƙaramin jirgi yana danne bayansa, girgizarsa kuma tana sassauta mahaɗar katako.

Sai tsawon ƙafar injin, wato sandar da ke ɗauke da farfela. Gajeriya inci 15 ce, doguwa inci 20, kuma tsayin allon bayan jirgi ne ke nuna wadda ta dace. Idan ta yi gajarta farfela za ta riƙa kama iska, idan ta yi tsawo kuma za ta riƙa sharar ƙasa.

Ruwayen Arewa na da nasu hali. Yawancinsu ba su da zurfi, ga yashi ga laka, a dausayin Hadeja da Nguru kuma ga ciyawar kacala da ke naɗe farfela. Injin da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa, ta hanyar wata 'yar fanka ta roba da ke zuƙo shi. Yashi na cinye wannan roba, ciyawa kuma na toshe mashigar ruwan. Alamar lafiyarsa ita ce siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya. Da zarar ya ɗauke, sai a kashe injin nan take kafin ya ƙone.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye daga gari irin Yalwan Damai ya kamata ya fara da tambayar makaniken da ya fi kusa da shi irin injin da ya iya, sannan ya bincika ko ana samun fulogi da farfela da robar ruwa da kayan kafireta na wannan samfurin a Kano. Injin da zai yi mako uku yana jiran kaya daga Legas a tsakiyar damina ya cinye ribar shekara.

Idan na hannu ne, a tayar da shi a cikin ruwa, ba a tudu ba. A kwance ƙusar man giya a duba: idan man ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. A tabbatar lambar jikinsa ba a kankare take ba, a kuma karɓi rasit, domin injin sata na yawo a kasuwa, haka ma jabun kayan gyara masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni.

Bayan saye, kulawa ce ke tsawaita ransa. Ma'aunin da aka saba ga mai bugu biyu shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 400 a jarka mai lita 20, kuma da man da aka yi don injin ruwa, ba na mota ba. Man giya ana sauya shi bayan kimanin awa 100 na aiki.

Abin da inji ba ya yi

Ƙarfin inji ba ya ƙara wa jirgi yawan abin da zai iya ɗauka. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar kariya, ta kuma hana lodin wuce kima da tafiyar dare. Kowane inji yana iya mutuwa a tsakiyar kogi, don haka bai kamata jirgi ya bar gaɓa ba sai da filafili da igiya da ƙarin fulogi a cikinsa.