Daga Asadiyya Zuwa Mudawwana: Abin da Tarihi Ya Nuna Game da Rubutun Haɗin Gwiwa

Ɗalibin da ya karanci Mukhtasar na Shaihu Khalil ya san cewa duk inda marubucin ya yi ishara da kalmar "fiha", Mudawwana yake nufi. An saba jingina wannan littafi ga Imamu Sahnun, alhali kuwa malamai da dama ne suka yi ta kai-komo a kansa kafin ya zama uwar littattafan mazhabar Malikiyya. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hakan ta faru.

Asadu bin Furat ya taso daga Ƙairawan, ya yi karatu a wurin Imamu Malik a Madina, sannan ya wuce Iraƙi ya zauna da Muhammadu bin Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa. Bayan rasuwar Malik a shekara ta 179 ta Hijira, sai ya sauka a Masar ɗauke da mas'alolin mutanen Iraƙi, yana neman wanda zai amsa su bisa mazhabar Malik. Abdurrahman bin Ƙasim, wanda ya lazimci Malik kimanin shekara 20, shi ya karɓi aikin. Inda ya kiyaye maganar malaminsa ya faɗe ta, inda ya yi kokwanto ya bayyana kokwantonsa, wani wurin kuma ya yi ijtihadi. Abin da aka tara shi ake kira Asadiyya.

A shekara ta 188 Sahnun ya ɗauki kwafin Asadiyya ya tafi Masar, ya karanta wa Ibnul Ƙasim ita mas'ala bayan mas'ala. Malamin ya janye wasu amsoshinsa, ya daidaita wasu, sannan ya rubuta wa Asadu cewa ya gyara kwafinsa a kan na Sahnun. Alƙali Iyal ya ruwaito a Tartibul Madarik cewa Asadu bai yi hakan ba. Abu ne mai nauyi ga mutum ya mayar da littafin da ya sha wahalarsa ga wanda ya karɓe shi daga hannunsa.

Sahnun kuwa ya ci gaba da aiki. Ya tsara babobi, ya ƙara ra'ayoyin sauran almajiran Malik irin su Ashhab, ya kuma ƙarfafa mas'aloli da hadisai da asarai, da yawansu daga ruwayar Ibnu Wahab. Sannu a hankali ɗalibai suka bar Asadiyya suka rungumi Mudawwana. Darajar Asadu ba ta ragu ba, domin ya yi alƙalanci, ya kuma rasu yana jagorantar rundunar Musulmi a tsibirin Siƙilliyya a shekara ta 213. Littafinsa ne ya tsaya a inda ya hana a taɓa shi.

Wannan tarihi ya shafi malamai da ɗaliban da ke kafa majalisun rubutu a jami'o'inmu, inda kowa ke karanta babin ɗan'uwansa kafin a kai shi ga mai duba aiki. Shiga majalisar ba ta da wuya. Wuyar tana ranar da wanda ya zo bayanka ya nuna maka kuskure a babin da ka yi wata shida kana rubutawa. Ibnul Ƙasim, wanda shi ne babbansu duka, ya yarda a sake karanta masa amsoshinsa, ya gyara su shekara uku kafin rasuwarsa a 191. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.