Kwana 14 na Busia: Su Nawa Suka Bar Zongon Kumasi, Kuma Don Me?

Ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Abrefa Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Ghana cikin kwana 14. A Zongon Kumasi, daga Aboabo har Sabon Zongo, sanarwar ta faɗo kamar saukar aradu. Da yawa ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba, domin kakanninsu fataken goro ne da suka kwararo Kumasi bayan yaƙin Salaga na 1892, tun ba a raɗa wa ƙasar suna Ghana ba. Aka yi ta karyar da gida da rumfar kasuwa da keken ɗinki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka ɗaure katifu da kwanuka a saman manyan motoci, aka nufi iyaka.

Tambaya biyu ke ci mini tuwo a ƙwarya: mutum nawa suka tafi, kuma me ya sa aka kore su?

Mu fara da adadi. Masu bincike sun sha bamban ƙwarai, daga masu cewa wajen 200,000 har masu kai abin rabin miliyan. Sai na koma ga ƙidayar jama'a. Ta 1960 ta nuna baƙi kimanin 827,000, wato kashi 12 cikin ɗari. Ta 1970 ta nuna kimanin 562,000, ƙasa da kashi 7. Da ganin farko sai mutum ya debe wannan daga wancan ya ce ya gama. Amma hanyar ba ta ɓullewa. A shekara goman nan wasu sun shigo, an kuma haifi wasu. Sannan an yi ƙidayar 1970 ne a watan Maris, ƙasa da wata huɗu bayan korar. Wane Bahaushe ko Bamoshe ne zai dubi malamin ƙidaya a lokacin ya ce masa shi baƙo ne? Lissafin ya auna tsoro fiye da yadda ya auna mutane. Na Zongon Kumasi kaɗai kuwa, ya narke cikin jimillar ƙasa.

Dalilin korar fa? Bayani na farko shi ne na tattalin arziki: rashin aikin yi, bashin da aka gada tun zamanin Nkrumah, da zargin fasa-ƙwauri. Matsin gaskiya ne. Sai dai gonakin koko na ƙasar Asante sun dogara da ƙwadagon baƙi daga arewa da Togo, kuma da suka tafi manoma ne suka fara kuka. Gwamnatin da koko ke ciyar da ita, anya ba ta hango wannan ba?

Bayani na biyu ya fi nauyi a ganina: matsin lambar 'yan kasuwar gida masu kwaɗayin rumfunan Yarbawa da Hausawa a babbar kasuwar Kumasi da sauran birane. Shaidarsa ita ce dokar 1970 da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa kawai. Amma wannan ya bayyana korar mai shago ne, bai bayyana korar ɗan dako da mahauci da mai gadi ba.

Na uku shi ne siyasa, kuma nan al'amarin ya fi ɗaure kai. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zongon Kumasi, tare da Alhaji Usman Ladan Lalemi zuwa Nijeriya, har aka yi doka ta musamman da sunansu don a datse ƙarar da suka kai kotu, inda suke cewa su 'yan ƙasa ne. Laifinsu shi ne goyon bayan 'yan adawa, ɓangaren da Busia ke ciki. Shekara 12 bayan haka, wanda aka zalunci abokan tafiyarsa shi ya ɗauki wuƙar. Mantuwa ce, ko lissafin cewa baƙo ba shi da ƙuri'a, don haka korarsa ba ta da tsada? Na fi karkata ga na biyun, ko da yake zuciyar mutum ba a karanta ta a takardar gwamnati.

Abin da ba shakka a cikinsa shi ne sakamakon. Tattalin arziki bai miƙe ba. A Disamba 1971 aka karya darajar sidi, kuɗin Ghana, ran 13 ga Janairu 1972 Kanar Acheampong ya kifar da Busia. A Janairu 1983 kuma gwamnatin Shehu Shagari ta Nijeriya, da kuɗin mai ya faɗi, ta sha da ƙwarya ɗaya: ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Ghana wajen miliyan guda, suka koma gida cikin shekarar fari da gobarar daji.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To amma wanda aka binne cibiyarsa a Aboabo, aka kuma binne kakansa a can, raɓar ina ce shi? Gwamnati ta ƙirga kwanakin wa'adi daidai, ba ta bar mana adadin mutanen daidai ba. Sauran lissafin yana bakin tsofaffin Zongo, waɗanda ke iya ambaton gidan wane da gidan wane da aka rufe a waɗancan makonni biyu. Kowane ya rasu, shafi guda ya tafi da shi. Lokacin zama a gabansu da alƙalami shi ne yanzu.