Cajin Motar Lantarki a Doguwar Tafiya

Cajin motar lantarki shi ne babban cikas ga mai doguwar tafiya da ita a Arewacin Najeriya. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa (NADDC) ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, amma irinta ba su yawaita a manyan hanyoyi ba. Motar lantarki ta Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas ba ta kai kilomita 500 da caji ɗaya, alhali Sakkwato zuwa Abuja ya haura 600. Dole direba ya yada zango, kuma ƙaramar caja kan kwana tana cika batir, in ma ba a ɗauke wuta ba. Zafin bazara da kunna na'urar sanyaya mota suna ƙara rage nisan da caji ɗaya ke kaiwa.