Daga Zatanna zuwa Gandoki: yadda gamayyar jarumai ta samo asali

Matashin Potiskum da ya kalli Doctor Strange da Spider-Man a fim ɗaya cikin wayarsa zai iya ɗauka gamayyar jarumai sabuwar dabara ce ta masu fim. Dabarar ta girmi mahaifinsa, kuma a mujallun zane ta soma.

A 1964 kamfanin DC na Amurka ya fito da wata budurwa mai tsatsuba, Zatanna, a fitowa ta 4 ta mujallar Hawkman. Gardner Fox ya rubuta, Murphy Anderson ya zana. Mahaifinta Zatara, wanda ya fara bayyana tun 1938 a mujalla ɗaya da Superman, ya yi ɓatan dabo, ita kuwa ta bazama nemansa. Makaminta bakinta ne: in ta furta magana a juye, sai abin ya tabbata. Hawkman ya taimaka iya ƙarfinsa, ba a ga uban ba, labarin kuma bai ci gaba a mujallarsa ba. Sai ya ɓulla a Detective Comics, ya ratsa ta The Atom da Green Lantern, bai ƙare ba sai 1967 a fitowa ta 51 ta Justice League of America. Dole mai karatu ya yi ta bin sawu, kamar mai cigiyar saniya daga wannan kara zuwa waccan.

Jarumai sun sha haɗuwa kafin nan, tun 1940 ma an tara su ƙungiya guda. Abin da ya bambanta wannan shi ne labari ɗaya da aka rarraba a mujallu daban-daban. Ciniki ne, babu shakka, don wanda ya sayi ɗaya sai ya nemi saura. Amma labarin ya riƙe mutane domin kowa ya san zafin 'yar da ke neman ubanta. Wanda ke son shiga irin waɗannan labarai yau, nan ya dace ya fara: fitowa 6 ce kacal, an kuma tattara su littafi guda.

Duniyar Musulmi ta gwada nata. A 2006 Dakta Naif Al-Mutawa, masanin halayyar ɗan Adam daga Kuwait, ya ƙirƙiro The 99, jaruman da ke samun ƙarfi daga duwatsu 99 da aka adana ilimin Bagadaza a ciki lokacin da Mongol suka rusa birnin a 1258. A 2010 suka haɗu da Superman da Batman a labari ɗaya. A 2014 manyan malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi, saboda jingina jaruman da sunayen Allah. Duk mai son yin irin wannan aiki a Arewa ya san da wannan tun kafin ya ɗauki fensir.

Mu kuwa abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya, ya ɗauko jarumi daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, zamanin Nagwamatse na Kontagora, ya kai shi gabas har ƙasar aljanu tare da ɗansa Garba Gagare. Wannan zamani bai yi wa Potiskum nisa ba: Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, tana kusa da Bajoga, kan hanyar da ta bi ta Fika zuwa Gombe. Bayan Gandoki ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, ga littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano. Jarumai muna da su, kowane dai yana zaune a littafinsa shi kaɗai.

A ganina zane ne ya rage mana. Ko Powerman, labarin zanen da aka buga don 'yan Nijeriya a 1975, Turawan Ingila ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland. Potiskum gari ne da Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya, kowace ƙabila da tatsuniyoyinta da mazajenta. Matasa masu zane a garin, ku je wurin kakanninku ku ɗauki labaran nan tun suna raye, ku haɗa mazajen a littafi ɗaya.