Shekarar El-Buhari: yadda naira, shanu da hatsi suka rabu hanya a 1984

Duk sa'ad da aka fara raɗe-raɗin karayar tattalin arziki, tambayar da ake yi a kasuwar kara ita ce ake yi a shagon 'yan canji: a ina mutum zai ajiye abin hannunsa? Shirinmu na wannan mako ya koma 1984, shekarar da mutanen Maraɗi da Damagaram suka laƙaba wa yunwarta suna El-Buhari, don mu ga wace dukiya ta tsaya, wace ta zube.

Masifar ba ta zo bagatatan ba. Tun 1981 kuɗin man fetur ya fara ja da baya, har gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982. A Janairun 1983 Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, cikinsu har da 'yan Nijar masu cin rani. A Nijar ma farashin uraniyum ya faɗi. Cikin 1983 cutar bushiya ta shiga garken shanu a arewacin Najeriya, damina kuma ba ta yi auki ba. Alamu dai sun kai shekara uku suna bayyana.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta sake launin takardun naira, ta ba da ƙasa da mako biyu a kai tsofaffi banki. To, ka ga ɗan kasuwar Birnin Ƙonni ko Magarya da jarinsa kaf naira ce a cikin akwati, ga iyaka a rufe. Wanda bai samu hanyar ƙetarawa da ita ba, takarda ce kawai ta rage masa. Wanda ya raba tsakanin naira da sefa ya yi asara, amma bai rufe shago ba.

Sai daminar 1984 ta ƙi. Ciyawa ta ƙare, kowa ya koro bisashensa kasuwa lokaci guda, babban mai saye kuwa, wato Najeriya, ƙofarsa a garƙame. Farashin shanu ya zube daidai lokacin da na hatsi ke hawa, ya zama sai an sayar da dabbobi da yawa kafin a auno abin da ɗaya ke saye a da. Raƙuma da awaki, da yake suna cin ganyen itace, sun fi shanu jure farin. Wanda ya rage garke da wuri, ya mai da kuɗin buhunan hatsi da dusa, shi ya samu abin riƙe iyali da sauran shanun. Gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani a fadamu da bakin rijiyoyi, wasu gidaje da yawa da lambu suka kai ga damina. A Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Iyaka kuwa ba a buɗe ta ba sai Maris na 1986, zamanin Janar Babangida.

Abin lura shi ne, yawan kaya ba shi ne rabon jari ba. Mai shanu da tumaki da gonar gero gani yake ya raba uku, alhali duka ukun ruwan sama suke jira. Mai fataucin atamfa da shinkafa da fetur shi ma duka kayansa ta ƙofa ɗaya suke bi. Masu hannun jari a manyan kasuwannin duniya haka suke lissafi: suna ware ɓangaren da mutane ba sa iya bari ko babu kuɗi, kamar abinci da magani da wutar lantarki, daga wanda ake ɗage sayensa, kamar mota da gini. A karayar 2008 hannun jarin kantunan Walmart a Amurka ya tashi, kamfanin motoci na General Motors kuwa ya durƙushe a 2009.

Saboda haka kowa ya zauna ya ƙirga dukiyarsa bisa abin da zai iya kashe ta. Nawa ne ke jiran ruwa? Nawa ne ke jiran iyaka? Nawa ne ke rataye da kuɗin ƙasa ɗaya? In ɓangare guda ya rinjaya, a rage shi tun dabba na da ƙiba, tun dillali na biyo ka. Wanda ya jira har sai maƙwabtansa sun koro nasu, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa.