Taron magina tukwane na duniya: me kwamfuta ta sauya a aikin yumɓu?

Duk bayan shekara biyu, magina tukwane, malaman jami'a da masu kula da gidajen tarihi daga ƙasashe da dama na haɗuwa a babban taron ƙungiyar duniya ta masu aikin yumɓu da tangaran, wadda ake taƙaita sunanta da AIC a Faransanci. An kafa ta a 1952, kuma cibiyarta na gidan tarihi na Ariana da ke birnin Jeneba na ƙasar Suwis. Tun 1958 take da hulɗa da hukumar UNESCO. An yi taron a Dablin a 2014, a Basalona a 2016, sannan a Jeneba a 2022, lokacin da ƙungiyar ta cika shekara 70.

Ɗaya daga cikin batutuwan da masu wannan sana'a ke yawan muhawara a kansu yanzu shi ne na'urar da ke gina tukunya da umarnin kwamfuta. Mai aikin zai fara zana siffar abin da yake so a kwamfuta. Daga nan sai a ɗura kwaɓaɓɓen yumɓu mai laushi cikin na'urar, ita kuma ta riƙa matso shi ta wani siririn baki, tana ɗora zare kan zare har tukunyar ta tashi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin magini na murza yumɓu kamar igiya yana ɗorawa don ya fitar da wuyan tulu. Jonathan Keep na Ingila da Olivier van Herpt na Holan na cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni. A Italiya kuwa, kamfanin WASP ya gina gida sukutum da ƙasar wurin ta wannan hanya a 2021, aka sa masa suna Tecla.

Fasahar ta shiga wurin gashi ma. Tandunan zamani na da na'urar da ke ƙara zafi sannu a hankali bisa tsarin da aka ba ta. Wannan na da muhimmanci, domin a daidai digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu kan kumbura farat ɗaya, kuma gaggawa a nan kan tsaga tukunya. Ana kuma ɗaukar siffar tsofaffin tukwane ta kowane gefe a adana a kwamfuta, ko da na asalin zai fashe wata rana.

Sai dai na'urar ba ta san ƙasa ba. Yumɓu kan tsuke idan yana bushewa, ya ƙara tsukewa a wuta, kuma na kowane tafki da halinsa. Idan kwaɓin ya yi ruwa, ginin ya zube; idan ya yi tauri, bakin na'urar ya toshe. Wannan sanin yana hannun magina irin na Mirya kusa da Damagaram da na Bubon a bakin kogin Kwara.

Abin da ya shafe su kai tsaye shi ne mallakar zane. Da zarar an ɗauki siffar tulu an sa a kwamfuta, ana iya sake gina irinsa a kowace ƙasa, ba tare da wadda ta ƙirƙiro shi ta samu ko dala ba.